Ɗalibi, kafin ka biya kuɗin Windows duba abin da ke hannunka tukuna

Ranar kasuwar garinmu wani ƙanena ya shigo shago da laftof a jakar goyo, fuska a murtuke, wai a ƙasan allon ta dama wani rubutu ya fito ya ƙi tafiya, Activate Windows. Yaron yana aji biyu a jami'a, laftof ɗin kuma sai da babansa ya saida buhunan riɗi kafin aka saye ta, kuma tun ranar saye wani mai gyara a birni ya karɓi kuɗi daban a hannunsa wai ya saka masa Windows orijina. Wata shida cif abin ya mutu. Ko da ya faɗi wata shida na gane me aka yi masa, don irin wannan buɗewar ta bayan fage kwana 180 take yi, in ba ta sabunta kanta ba sai ta rufe. Abin haushin ma da na binciki na'urar sai na tarar tana da lasisinta na asali tun daga kamfani, a kwance cikin cikinta, kuɗin da ya biya dai sadaka ya yi.

Toh shi ya sa na zauna rubuta wannan, musamman saboda ku 'yan uwa da ke karatu a Dutse, Kafin Hausa, Wudil, Kazaure, Haɗeja, Gumel, Bichi da BUK amma hutu a ƙauye kuke yinsa inda wuta da sabis sai a hankali. Ana ta zancen ragin kuɗin Windows da ake yi wa ɗalibai, gaskiya ne akwai shi, amma yawancinku ma ba ragi kuke buƙata ba, kyauta ce ke jiranku ba ku sani ba.

Fara da sanin me kake da shi

Kar ka taɓa komai sai ka yi wannan. Danna maɓallin nan mai hoton taga tare da R, wani ɗan akwati zai fito, ka rubuta winver ka danna Enter. Zai nuna maka ko Windows 10 ce ko 11, kuma ko Home ce ko Pro ko Education. Rubuta a takarda.

Sai ka sake buɗe akwatin ka rubuta slmgr /xpr, ka ɗan jira. In ya ce maka an buɗe ta dindindin, Alhamdulillah, lasisinka mai kyau ne a mafi yawan lokuta. In kuwa ya nuna maka ranar da za ta ƙare, kuma kai ba kwamfutar ofis ko ta makaranta ka riƙe ba, toh irin ta ƙanen nan nawa ce aka ɗora maka.

Na uku ka shiga Settings, System, About, ka duba sunan furosesa da yawan RAM. Nan ne mutane ke ruɗewa. Wani zai ce maka ai tawa Core i7 ce, da alfahari, alhali i7 ɗin tasa ta girmi ƙaninsa da ke firamare. Lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ce magana. In ka ga i5-3320M ƙarni na 3 ce, i5-6300U ƙarni na 6, i5-8250U ƙarni na 8. Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 take farawa a ɓangaren Intel, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000. Sannan tana son RAM aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, da wasu abubuwan tsaro biyu na cikin na'urar da ake kira TPM 2.0 da Secure Boot. In kana da ɗan data ka sauke PC Health Check na Microsoft, ƙaramin abu ne, shi zai faɗa maka kai tsaye ta hau ko ba ta hau ba da kuma dalili.

In dalilin da ya bayar TPM ne kar ka yanke ƙauna tukuna, sau da yawa yana nan a kashe ne kawai. Ka kashe na'urar ka kunna kana danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce, ka nemi ɓangaren Security. Wasu suna rubuta shi TPM, wasu PTT, na AMD kuma fTPM. Kunna shi, ka adana, ka fita. Don Allah kar ka taɓa wani abu daban a wurin nan in ba ka san shi ba.

Me ya sa ake ta wannan hayaniya ma

Saboda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ba wai kwamfutarka za ta mutu bane, za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, gyaran tsaro ne aka daina turo mata. Kai kuma a kanta kake shiga fotal ɗin makaranta, a kanta kake biyan kuɗin rijista, filash ɗin kowa a hostel ya shiga jikinta. Sun buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi mai suna ESU wanda ya kai zuwa 13 ga Oktoba 2026, ana shiga da dala 30, ko da maki 1000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in ka haɗa saitinka da asusun Microsoft, amma sai Windows 10 ɗinka ta kasance 22H2. Jinkiri ne kawai wannan, kamar a ɗaga maka ranar biyan bashi.

Hanya ta farko, wadda ba a biyan ko sisi

In Windows 10 ɗinka mai lasisi ce kuma na'urar ta cika sharuɗɗa, hawa zuwa Windows 11 kyauta ne ga kowa, ɗalibi ko ba ɗalibi ba. Home ta koma Home, Pro ta koma Pro. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin lasisi a kan wannan wlh cutarka zai yi, in kuɗin aikinsa da datarsa ya nema wannan daban, haƙƙinsa ne.

Kuma yawancin laftof ɗin hannu da ake kawowa daga waje, waɗannan da muke zuwa saye a Beirut Road ko Farm Centre, tsofaffin na ofisoshin Turai da Amurka ne, in an yi su tun daga zamanin Windows 8 zuwa sama lambar lasisinsu tana cikin uwar allon na'urar. Da zarar ka ɗora Windows mai tsafta irin wadda ta zo da ita, ka haɗa da intanet, da kanta take buɗewa. Abin da na yi wa ƙanen nan nawa kenan, ko minti biyar ba a yi ba da jona ta da wayata rubutun ya ɓace, yana ta kallona kamar na yi tsafi.

Hanya ta biyu, imel ɗin makaranta

Nan ne ainihin ragin ɗalibai yake, kuma mabuɗinsa ɗaya ne, imel ɗin da makaranta ke ba ɗalibi, wanda ke ƙarewa da edu.ng. Da yawanku an buɗe muku shi tun lokacin rijistar shekarar farko ba ku taɓa leƙawa ba, wasu ma ba su san suna da shi ba. In baka da shi, ka je sashen ICT na makarantarku da katin shaidarka da takardar rijistar zangon nan, ka gaishe su da ladabi, ka ce Malam imel ɗina na ɗalibi nake so a buɗe min ko a sake min fasuwod. Tun kana wurin ka ƙara da tambaya guda, shin makarantarmu tana da yarjejeniya da Microsoft ta manhajojin ɗalibai? Amsar nan za ta rage maka yawo sosai, don abin da ɗalibin wata makaranta ya samu ba lallai kai ka same shi ba, ya danganta da abin da makarantarku ta shiga. Kuma ka yi wannan kafin a tafi hutu, kar sai ka koma gida ka fara neman wanda zai je maka.

Da imel ɗin a hannu sai ka nemi Azure for Students a shafin Microsoft na gaskiya, ka kalli adireshin da kyau ka tabbatar microsoft.com ne a ƙarshensa. Sharaɗinsu shekara 18 zuwa sama kuma ɗalibin babbar makaranta. Ba sa tambayar katin banki, wannan ma ya isa ya zame maka alama, duk shafin da ya ce na ɗalibai ne kyauta amma ya fara da neman lambar katinka ka rufe shi. Za su turo saƙo imel ɗin makarantar da kuma lamba a wayarka, don haka ka zauna inda sabis yake, mu nan sai an hau tudun bayan makarantar firamare. In sun amince da kai za su baka dala 100 ta amfani da girgijensu, wato kwamfutocinsu da ke kan intanet, na tsawon wata 12, ba kuɗin cirewa bane fa kar ranka ya biya, na koyon aiki ne a cikin shafin.

Abin da ya kawo mu shi ne ɓangaren Education, a ciki akwai Software. Ka rubuta Windows a wurin nema. In makarantarku tana cikin tsarin za ka ga Windows 11 Education, ka danna, ka danna View Key, lamba mai haruffa 25 za ta fito. Ka kwafe ta da biro a bayan littafin da ba ka ba kowa aro, sannan ka tura wa kanka a imel ɗinka na kanka. In baka gan ta ba ka gwada OnTheHub, shi ma wurin da makarantu ke raba wa ɗalibansu manhaja ne kyauta ko da ragi, ka rubuta sunan makarantarku ka gani ko tana ciki. In nan ma babu toh babu, kar ka ɓata data kana zagaye.

Ita Education ɗin nan ba ƙaramar Windows bace kamar yadda sunan ke sa wasu zato, ta fi Home nesa ba kusa ba, kusan ajin ta manyan kamfanoni ce. Tana da BitLocker na kulle bayanai, da Hyper-V na kunna wata kwamfuta a cikin kwamfutarka wanda 'yan kimiyyar kwamfuta ke buƙata, da Remote Desktop. Ka kwatanta da farashin kanti a Amurka, Home dala 139, Pro dala 199, hawa daga Home zuwa Pro kaɗai dala 99. Ka buga wannan da canjin yau kaga buhun gero nawa ne.

Saka lambar ba wuya. Settings, System, Activation, Change product key, ka rubuta ta, ka bari ta yi aikinta ta sake kunnuwa. Daga Home zuwa Education ba sai an goge komai ba. Amma ni dai ra'ayina, in kana da Pro mai lasisi ka bar abinka, in kuma aikinka bai wuce buga firojek da kallon darasi ba Home ma ta isheka, ka ajiye lambar sai ranar da buƙata ta taso.

Tunda ka buɗe imel ɗin ka haɗa da Office 365 Education, in makarantarku ta cancanta za ka samu Word, Excel da PowerPoint na kan intanet kyauta. Matsalarsa gare mu a ƙauye sai da sabis yake aiki, don haka ka saka LibreOffice a gefe, kyauta ne kuma baya neman data. Akwai kuma GitHub Student Developer Pack ga masu koyon rubuta manhaja.

Wani tarko da ba a faɗa wa mutane. Lokacin da kake shiga da imel ɗin makaranta a cikin Word ko Teams wani akwati zai fito yana tambaya ko ka yarda ƙungiyarka ta riƙa kula da na'urarka. Cire alamar, ka zaɓi shiga wannan manhajar kaɗai. Laftof ɗin taka ce ba ta makaranta ba. Kuma asusun da za ka riƙa buɗe kwamfutar da shi ya zama naka na kanka, Outlook ko Gmail da ka haɗa da Microsoft, don imel ɗin makaranta ana iya rufe shi bayan ka gama, ka zo kana hidimar ƙasa a wata jiha kwamfuta ta nemi mabuɗin BitLocker kai kuma yana can cikin asusun da ba ka da iko da shi.

Ranar aikin

Gaskiya a wurinmu lasisi ba shi ne babban kuɗi ba, data da wuta ne. Windows 11 ta haura 5GB kafin ma a zo maganar sabuntawar da za ta biyo baya, don haka ka tanadi kamar 10GB ka huta. Dabara mafi sauƙi, in kana makaranta ka sauke a intanet ɗin laburare ko na sashenku kafin hutu. In kana gida ku haɗa kai ku uku ko huɗu, ku sayi data tare ko ku yi amfani da ta dare mai arha, ku sauke sau ɗaya a filash ɗaya ya zagaya kowa. Fayil ɗin ɗorawa ɗaya ne, lasisi ne kowa da nasa.

Filash ya zama aƙalla 8GB, kuma komai da ke cikinsa zai goge, ka kwashe hotunan bikin yayarka tukuna. Ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft shi zai haɗa maka filash ɗin, ko ka sauke fayil ɗin ISO, wato Windows ɗin gaba ɗaya a fayil guda, ka yi amfani da Rufus, wata ƙaramar manhaja mai ɗora shi a filash. A inda sabis ke yankewa na fi son ISO. In lambar Education ka samo kuma gogewa gaba ɗaya za ka yi, fayil ɗin yana nan kusa da lambar a shafin Azure.

Kafin komai ka kwashe kayanka. Firojek, takardar shiga makaranta, rasit ɗin biyan kuɗi, sakamakon jarabawa, ka saka a wani filash daban kuma ka tura masu muhimmancin imel. Na taɓa ganin ɗan ajin ƙarshe yana kuka da hawaye a shagon nan babi huɗu sun tafi, ba kuma kwamfutar ce ta yi laifi ba, shi ya danna goge ɓangaren da bai kamata ba.

Sai wuta. Yawancin laftof ɗinmu batirinsu ya gaji, wani ko minti arba'in baya kaiwa, aikin nan kuma yana iya cin awa ɗaya zuwa biyu, in tsohon hadis ne mai juyawa ba SSD ba ya fi haka. Kar ka fara da wutar gari da ba ka san lokacin tafiyarta ba. Ka je rumfar mai caji mai sola da hantsi lokacin da rana ta buɗe, ka biya shi na awa uku, ka roƙe shi soket ɗin da ba za a cire ba. In janareta ne ka tabbatar an zuba mai kafin ka fara. Ka ɗora ta kan benci ko tire, ba kan tabarma ko katifa ba, da zafin bazara fankar na toshewa ta kashe kanta ana tsakiyar aiki.

Hanyoyi biyu ne. In Windows ɗinka lafiyarta ƙalau, ka saka filash tana kunne ka buɗe setup, ka zaɓi a bar maka fayiloli da manhajoji. In kuwa irin ta bayan fagen nan ce, ka goge gaba ɗaya yafi, don ba ka san me aka cusa a ciki ba, mafi yawan masu saka ta sai sun kashe Defender, manhajar tsaro ta Windows, tukuna. Ka kunna na'urar kana danna F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓi filash. In ta tambayi lamba kuma lasisin cikin na'urar kake dogaro da shi ka danna cewa baka da lamba, ka zaɓi irin wadda ta zo da ita. Wajen ƙarshe za ta nemi intanet da asusun Microsoft, wayarka ta kasance kusa da caji da ɗan data.

Tana gama hawa, abu na farko ka shiga Network & internet a Settings, ka danna sunan wayarka da ka jona ta da ita, ka kunna Metered connection, in ba haka ba kafin ka sha ruwa ta shanye maka datar wata. Sai ka leƙa Activation ka ga ta buɗe. In hawa ka yi ba gogewa ba, kana da kwana 10 da za ka iya komawa tsohuwar ta Settings, System, Recovery, don haka a kwanakin nan ka gwada firinta, sauti, kyamara da duk manhajar da sashenku ke amfani da ita.

In na'urar ta tsufa fa

Wannan shi ne halin da rabin masu shigowa shagona ke ciki, ƙarni na 3 zuwa na 6. Rufus yana da wurin da ake tsallake sharaɗin TPM kuma sau da yawa tana hawa ta yi aiki, amma Microsoft ta faɗa ƙarara ba ta yi alkawarin turo wa irin wannan sabuntawa ba. In RAM ɗinka 4GB ne da tsohon hadis ban baka shawara ba, tafiyar hawainiya za ta riƙa yi. Kuɗin da za ka kashe neman lasisi gara ka sayi SSD ko ƙarin RAM, canjin da za ka gani sai ka rantse sabuwa ce.

Ko kuma ka gwada Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, kyauta ne har abada ba lamba ba rubutun Activate, Ubuntu 24.04 da ta fito a Afrilun 2024 ma shekara biyar za a yi ana kula da ita. Ana iya kunna su daga filash a gwada ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Amma ka fara tambayar 'yan ajin gaba da kai me ake amfani da shi, in sashenku AutoCAD ne ko CorelDRAW ku zauna a Windows. Masu MacBook kuwa, in akwai su a cikinku, tun 2013 Apple ta mai da sabunta tsarinta kyauta, ragin ɗalibansu a kan sayen na'ura yake.

Su kuma lambobin da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook dubu biyu dubu uku, wasu suna yin aiki na ɗan lokaci, amma da yawa na kamfanoni ne ko na makarantu da aka saida wa mutum ɗari, ranar da aka toshe ta mai sayarwar ya canza layi. Haka taka ta Education, kar abokinka ya lallaɓe ka ka ba shi ko ka saida, da sunanka aka bayar kuma ta mutum ɗaya ce. Ka raka shi ICT ya karɓi nasa imel ɗin, in ya so ku dawo ku yi amfani da filash ɗaya.